Rigar Ruwan Ɗorawa a Ƙarshen Fili

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da Inna da yara. Yaya jikin Inna? Tana shan maganin hawan jinin kuwa, ko har yanzu tana tura shi ƙarƙashin matashi ta ce miki ta haɗiye? Ki ɗaga ki duba, ni na san wurin. Baban yara ya dawo daga tafiyar? In ya dawo ki ce ƙanin matarsa yana gaishe shi, kuma daga yau ya riƙa yi mini magana da ladabi, don na zama ma'aikacin jirgin sama.

Ni lafiyata ƙalau, har kumatu na fara yi. Baba Direba, mai kai mana takardu, ya ce kin ce in faɗa miki gaskiyar aikin da nake yi, ban da irin ƙaryata. To ga gaskiya: ni ne shugaban filin jirgi. Kada ki yi dariya. Jirgi ba ya tashi sai na ce ya tashi.

Filin namu ba irin na hoto ba ne. Ciyawa ce kawai aka share doguwa, kamar daga ƙofar gidanki zuwa bakin kasuwa, aka zagaye da waya. Jirginmu guda ɗaya ne, kuma motar Baba Direba ta fi shi jiki. Farfela ɗaya ce a hancinsa. Magani yake kaiwa ƙauyukan hayin kogi, shi da nas, wani lokaci ya dawo da mara lafiya. Mai tuƙa shi Kyaftin muke ce masa, dattijo ne, ba ya magana sai ta kama. Sai Manaja, mai magana ko ba ta kama ba. Ofishinsa ɗaki ɗaya ne da taga ɗaya, a nan yake wuni gaban fanka da tabaransa mai kauri kamar gindin kwalba, yana leƙen fili.

Aikina shi ne, kafin jirgi ya tashi in hau keke in bi filin daga farko har ƙarshe, in tsince duwatsu, in kori awaki da belbelu. Kin san tsuntsu ɗaya in ya faɗa farfela an shiga uku. Sai in dawo in ce wa Kyaftin hanya ta yi. Daga nan in koma can ƙarshen fili, inda wayar ta yage awaki ke shigowa, in tsaya ƙiƙam har jirgi ya tashi, ya je, ya dawo. Jirgin kuwa ni yake nufowa a guje, sai ya zo daf sannan ya ɗaga ya wuce ta saman kaina. Ranar farko iskarsa ta tafi da hulata, har yau ban gan ta ba, ina jin ta yi sabon maigida a wani gari.

Kyaftin ba ya son tsayuwar nan. Ya ce wa Manaja, "Ka matsar da yaron nan gefe." Manaja ya ce in na matsa gefe tudu zai kare ni, ba zai hango ni ta taga ba, shi kuma ma'aikacin da bai gani ba bai zo aiki ba. Shi ke nan magana ta mutu.

Wani albishir: na yi ƙane. Kun daɗe kuna aiken Auta, yanzu ni ma na samu na aike. Da kara da buhu na haɗa shi, na kafa shi a bayan waya wajen gonar masara yana tsorata mini tsuntsaye. Ba ya gardama, ba ya cin abinci, ba ya kai ƙarata. Ki gaya wa Inna ta yi sabon ɗa, ya fi ni hankali.

Ki shafa mini kan yara. Ki ce wa babbar 'yarki haƙorin da ta cire yana nan a wurina, na sayar wa ɓera.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Jikin Inna da sauƙi, sai dai ba ta iya tashi sai an kama ta, likita kuma ya ce a kiyaye duk abin da zai tayar mata da hankali. Na ɗaga matashin. Na samu. Baban yara bai dawo ba, aikin nasu ya ƙara tsawo.

Na karanta wa Inna takardarka, ta yi dariyar ƙanen naka har da tari. Amma wajen da ka ce jirgi yana nufo ka a guje, tsallakewa na yi. Ni kaina da na karanta sai da na ajiye takardar na sha ruwa. Wato kai abin dariya ne a wurinka? Ƙarfe da farfela yana zuwa kanka, kai kuma kana tsaye da wannan koɗaɗɗiyar rigar taka mai kalar ƙasa, wadda ko akuya ba za ta bambance ka da tudu ba?

Tun da ba ni da ikon matsar da kai, na yi abin da nake da iko. Ga riga nan a ƙunshi wurin Baba Direba. Ragowar yadin wata mai biki ne, ruwan ɗorawa shar, na ajiye ɗinkin mutane na zauna a kanta. Na san za ka ce ta yi ihu. Don ta yi ihun na ɗinka. Ina so mai tuƙin nan ya hango ka tun daga inda ya taso, ko da ido ɗaya yake kallo. Na ninka ɗinkin kafaɗa don na san yadda kake cin riga.

Ka saka ta kullum in za ka tsaya a wurin nan. Ba shawara ba ce. Na ce wa Baba Direba kada ya baro garin sai ya gan ta a jikinka.

Kuma ka daina tsokanar Manaja, na san kana yi ko ba ka faɗa ba. Ka riƙe sallarka a kan lokaci. Babbar ta ce ka biya ta kuɗin haƙorinta.

Yayarki da ba ta barci saboda kai,
a'a, yayarka, ka ga har hannuna ya ruɗe.

*

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Inna da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Ina lafiya, sai dai idona da ke ɗan yaji, kuma rigarki ce sanadi.

Yaya, wannan ba riga ba ce, fitila ce. Da na buɗe ƙunshin, zakaran mai gadi ya yi cara, ya zaci gari ne ya sake wayewa. Baba Direba ya tsare ni a bakin ƙofa ya ce sai na saka a gabansa, na saka, ya zagaya ni yana cewa, "Madalla, ko makaho ya gan ka." Nas ta ce in daina tsayawa kusa da marasa lafiya, zan sa su zaci cutar shawara ce ta kama su. Kyaftin da ba ya magana ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Daga hayin kogi zan riƙa saita hanya da kai." Ke dai kin gama da ni a garin nan.

Amma ki kwantar da hankalinki, kullum ina saka ta, tun safe har jirgi ya dawo. Kuma ta jawo mini farin jini. Manaja ya tara mu ya ce kowa ya yi koyi da ni. Wai yana hango ni ta taga, ina tsaye cikin rana ko motsi ba na yi, ko zama, ko soshe-soshe. Ya ce tun da yake aiki bai taɓa ganin yaro mai natsuwa irina ba. Ki karanta wa Inna wannan wurin sau biyu, da ƙarfi.

Damina ta sauka sosai a nan. Filin ya jiƙe, ƙarshensa ya yi laushi, tayar kekena har nutsewa take. Ciyawa kuma in ka yanke yau, jibi ta dawo tana yi maka gwalo. Ƙanena yana gaishe ku. Ruwa ya ɗan kumbura shi amma bai yi ƙorafi ba.

Baba Direba ya ce hanya ta fara lalacewa, zuwansa zai riƙa jinkiri, don haka in kin ji shiru ba wani abu ba ne, laka ce.

Auta, abin koyi ga ma'aikata

*

Auta,

Assalamu alaikum. Ban san wa zai buɗe takardar nan ba. In kai ne, alhamdu lillahi. In kuma wani ne, Manaja ko mai gadi ko duk wanda ta faɗa hannunsa, don Allah ya karanta har ƙarshe ya ba Baba Direba amsa, kowace iri ce.

An ce a fara da lafiya. Yara lafiya. Inna tana nan yadda take.

Baba Direba ya zo mini da la'asar, bai ko kai motar tasha ba. Ya tsaya a ƙofar shago bai yi sallama ba, shi da ke fara tsokanata tun daga titi. Na ce, "Baba, lafiya?" Ya ce, "'Yata, ajiye almakashin nan tukuna."

Ya ce yana fitowa daga gari da lodi, ya biyo titin da ke bayan wayarku, sai ya ga jirginku ya taso a guje bai ɗaga ba. Ya ce da idonsa ya ga rigar a tsaye a ƙarshen fili, da idonsa ya ga jirgin ya bi ta kanta ya faɗa kwata. Ya sauko ya ruga, masu gadi suka kore mutane wai wuta za ta iya tashi. Ya hango Manaja ya fito da hannu a ka yana kiran sunanka. Fasinjojinsa suka matsa masa saboda ruwa na shirin rufe gada, ya taho. Ya ce bai ga gawa ba. Na riƙe wannan, shi kaɗai nake da shi.

Amma ya tsinto wani abu da iska ta manna a jikin waya, ya miƙo mini. Kafaɗar rigar ce, Auta. Ɗinkina ne, wanda na ninka.

Ban gaya wa Inna ba. Likita ya ce labari irin wannan zai iya tafiya da ita. Ina shiga ɗakinta da fuska a wanke, in ba ta magani, in gyara mata matashi, in fito bayan ɗaki in toshe bakina da zane. Jiya ta ce, "Me ya sa ba na jin kukan kekenki?" Na ce allura ce ta karye. Ta ce, "Yaushe direban nan zai kawo takardar ɗan banzan nan?" Na ce hanya ce ta lalace. Ba ni da wanda zan bar mata, baban yara ba ya nan, da tuni ina hanya ko da ƙafa ne.

Abin da ke cina shi ne ni na ce ka tsaya da ita. Ni na ce ba shawara ba ce. Da na ce ka bar aikin, da na ce ka gudu in ka ga ya nufo ka. Kai da ba ka taɓa jin maganata ba, sai wannan ka ji.

In kana kwance ne a asibiti, ko ba ka iya riƙe alƙalami, ka sa a dangwala yatsanka a tawada a aiko mini. In kuma ta Allah ta kasance, mai karatu, ka faɗa mini wa ya yi masa wanka, ina aka kai shi, don in san abin da zan ce wa uwarsa in ta tambaye ni.

Yayarsa

*

Yaya,

Ni ne. Ina raye. Ko ƙwarzane babu a jikina. Dubi rubutun, wa ke da wannan karkataccen hannun in ba ni ba, wanda Malam ya gaji da dukansa ya bar shi? Ga yatsana kuma na dangwala a ƙasa yadda kika ce, har guda biyar, don kada ki ce an yanke wani.

Assalamu alaikum. Na manta da sallama, ki yafe. Ina gaida Inna.

Ba ni jirgi ya taka ba. Ƙanena ya taka.

Bari in faɗa miki daga farko, kuma yau babu ƙari. Rigarki kwana ɗaya na saka ta. Washegari rana ta buɗe, na tsaya a wurin nan har kaina ya fara tafasa, sai na dubi ƙanena a bayan waya, shi ma ya dube ni. Na ce, kai da ba ka jin rana, me kake yi a can? Na tumɓuko shi, na kafa shi daidai inda nake tsayawa, na zura masa rigar, na ɗora masa hula. Ni kuma na koma gefe, gindin wata bishiya da tudu ya kare, da danƙona a hannu. Daga nan ina ganin ɓarakar wayar sarai, duk akuyar da ta leƙo sai ta ji dutse a gindi. Aiki bai tsaya ba. Yaron nan mai natsuwa da Manaja ya tara mu a kansa, wanda ba ya zama ba ya soshe-soshe, kara ne da buhu. Kyaftin ya gane tun ranar farko. Da ya sauko ya kira ni gefe, na ce yau kashina ya bushe, sai ya ce, "Gara shi da kai."

Ranar da abin ya faru an kwana ana ruwa. An loda katan-katan na magani, nas ta shiga, na bi fili na dawo na ce hanya ta yi, na tafi gindin bishiyata. Jirgi ya taso. Kullum akwai wani wuri wajen tsakiya da tayarsa ke rabuwa da ƙasa, na saba har ba na kallo. Ran nan ya wuce wurin yana ƙasa, laka na tashi ta bayansa. Ya ɗan yi tsalle ya dawo. Sai na ji ƙarar injin ta faɗi, Kyaftin ya fasa tashi, ya taka birki. Amma birki a jiƙaƙƙiyar ciyawa, Yaya, kamar ki taka sabulu ne. Haka ya zo yana zamiya, ya ɗan karkace, ya shige ƙanena, ya yaga waya, ya kafa hanci a kwatar gonar masara, wutsiya a sama.

Na ruga. Ban san lokacin da na tsallake kwatar ba. Kyaftin ya riga ya kashe komai, goshinsa ya fashe jini na zuba a idonsa, amma cewa yake, "Nas tukuna, nas tukuna." Na fizge ƙofar ta can gefen, na jawo ta, hannunta ya karye a wuyan hannu, tana salati tana zagina wai na taka mata ƙafa. Muka ja da baya duka, muna jiran wuta, Allah bai kawo ta ba. Babu wanda ya mutu. Kwalaben magani ma kaɗan ne suka fashe.

Jirgin ne ya kare mu daga titi, shi ya sa Baba Direba bai gan ni ba. Ina can ina ɗaure wa Kyaftin goshi sai na ji ana kururuwar sunana. Na zagayo, ga Manaja a durƙushe cikin laka, tabarau ya faɗi, yana lalube, ya rungumo buhu da tsummokaran riga yana cewa, "Na kashe ɗan mutane, na kashe ɗan mutane." Na tsaya a bayansa na ce, "Ranka ya daɗe, a kawo ruwa ne?" Ya juyo. Ya dube ni, ya dubi buhun, kara na zubowa ta wuyan rigar. Wallahi na zaci mari zan sha. Sai ya kama ƙafata ya fashe da kuka, babban mutum da shi. Bayan ya huce ya ce ya kore ni. Kafin magariba ya ce ya fasa.

Na rubuta miki duk wannan tun a lokacin, da barkwanci iri-iri, na ajiye ina jiran mota. Ban san Baba Direba ya bi ta wurin ba, ban san ya ga komai ba. Yau ina zaune a bakin ƙofar fili ina cin burodi da shayi sai ga motarsa. Ya sauko a sanyaye da takarda a hannu, kansa a ƙasa, ya zo har gabana ya ce, "Yaro, ina ofishin Manaja?" Na ce, "Baba, ba gaisuwa?" Ya ɗago. Yaya, tsohon nan ya yi baya da gudu har takalminsa ɗaya ya cire, yana a'uziyya. Na bi shi ina cewa ga burodi, fatalwa ba ta cin burodi. Sai da mai gadi ya riƙe shi ya sa ya taɓa ni. Da ya tabbata, ya cire ɗaya takalmin ya bi ni da shi.

Ina cikin dariyar ya ba ni takardarki. Na karanta, dariyar ta ƙare. Waccan da na rubuta na yaga ta.

Na je na sake duba inda ƙanena ya tsaya. Guntun sandar yana nan a kafe. Farfela ta sare shi daidai ƙirjina, na gwada. Na daɗe a wurin. Sai yau na san abin da kika gani tun ranar da kika ajiye ɗinkin mutane kika hau keken ɗinki saboda ni, ni kuma ina ta barkwancin zakara da fitila. Kin yi kwanakin nan kina toshe baki a bayan ɗaki saboda ƙaryar da na yi miki don in ba ki dariya. Ki yafe mini. Ban san yadda ake faɗin wannan da wasa ba, shi ya sa na faɗe shi haka.

Kuma ki cire wa ranki cewa ke kika ce in tsaya. Ba don rigarki ba, da Manaja ba zai yarda da buhu ba, da ni ne a wurin da tsohuwar rigata mai kalar ƙasa. Ihun da kika ce ta yi, ta yi shi.

Yanzu an hana kowa tsayawa a ƙarshen fili. An ɗinke wayar, Manaja da kansa ya riƙe filaya. Masu bincike sun zo suna ta aune-aune, sun ce kada in yi nisa sai sun gama tambayata, da a motar nan zan biyo. Baba Direba ya ce shi ya kai baƙin labari, shi zai kai farin, ko lodi ba zai jira ba. Ga shi can yana mini hon.

Ki ba Inna labarin yadda kika ga zai yi mata sauƙi. Ki ci abinci.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yau kam da gaske.

Baba Direba tun daga kan kwana ya fara danna hon, ya leƙo ta taga yana ɗaga takarda yana ihu, "Yana nan! Ɗan banzan yana nan!" Na fito ba ɗankwali. Na ga yatsun nan biyar, na zauna a dandamalin shago cikin mutane. Na yi sujada, na yi kuka, na tashi na zage ka tas, maƙwabta na cewa amin.

Kada ka ɗauka ka sha. Kunnenka na hagu nawa ne, ka zo da shi.

Na shiga wurin Inna, na ba ta magani tukuna, na tsaya sai da ta haɗiye na duba bakin. Na fara da ƙarshe, na ce Auta lafiyarsa ƙalau, ga hannunsa. Sannan na ba ta labarin a hankali, har abin da Baba Direba ya gani, har ƙyallen da ya kawo, har allurar da ba ta karye ba. Ina yi ina kallon fuskarta, da kofin ruwa a hannuna.

Ta saurara har na gama. Ta ce, "Wato abin da ya hana ki cin abinci ke nan?" Na ce eh. Ta ce, "An ce miki an ga mutum a tsaye cikin rana, inda aka ajiye shi, ba ya motsi?" Na ce eh, Inna. Ta ce, "Kuma kika yarda Auta ne?"

Ta yi dariya har sai da na ɗaga ta zaune. Ta ce tun ranar da na karanta mata yabon Manaja sau biyu ta san da wata a ƙasa. Bayan na fita na jiyo ta tana ta hamdala ƙasa-ƙasa, muryar na rawa. Ban koma ba, na bar ta.

Ga ƙunshi nan. Riguna biyu ne, duk ruwan ɗorawa, wannan karon har ya fi wancan ihu. Ɗaya taka ce, ka saka ko a gefe kake tsaye. Ɗayar ta ƙanenka ce. Ka samo kara da buhu ka tashe shi, ka mayar da shi wajen masara. Inna ta ce a gaishe shi, a cikin 'ya'yanta shi kaɗai aka ce tsaya ya tsaya.

Yayarka

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina lafiya, Kyaftin an cire masa zare, nas tana zagina da hannu ɗaya.

Riguna sun iso. Ƙanena ya tashi, ya fi da ƙiba. Tawa tana jikina yanzu haka da nake rubutu, kuma ba sai kin yarda da maganata ba. Masu bincike sun sallame ni, Manaja ya ba ni hutu. Ranar da Baba Direba zai zo, ki fito ƙofar shago ki dubi saman lodi. Za ki hango ni tun daga gada.

Ina tafe da kunnen.

Auta